Ƙahon Kan Jirgin Ƙasa: Keɓaɓɓun Kalmomi da Ƙa'idojin Awo a Amurka da Turai

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda dokokin Amurka da na Turai suka fayyace ma'anar ƙahon kan jirgin ƙasa, da yadda suke auna ƙararsa, da lokacin da suka wajabta a busa shi. Matsayar takardar ita ce, adadin desibel shi kaɗai bai isa a kira shi ƙa'ida ba sai an haɗa shi da nisan da aka tsaya aka auna, da irin ma'aunin da aka yi aiki da shi, da gurbin da aka girke ƙahon. Haka nan busa ba ta zama gargaɗi sai direba da mai tsallakawa sun fahimce ta a kan ma'ana ɗaya. A ƙarshe an taɓo abin da wannan ke nufi ga ƙasashen da ke sayo kawunan jirage daga wurare daban-daban.

Gabatarwa



Jirgin ƙasa ba ya kauce wa abin da ke gabansa, kuma ba ya tsayawa nan take. Jirgin kaya mai cikakken lodi da ke gudun mil 55 a awa kan ci mil guda ko fiye kafin ya tsaya, ko da direba ya ja birkin gaggawa. Idan kuwa haka ne, duk lokacin da direba ya hango mota ko mutum ko garke a kan dogo, abu ɗaya ne a hannunsa da zai riga jirgin isa wurin, wato ƙara. Shi ya sa na ga ya dace a ɗauki wannan na'ura da muhimmancin da ake ba birki da sigina, duk da cewa a idon yawancin mutane hayaniya ce kawai.

Ana danganta asalin abin da wani karo da aka yi a 1833 tsakanin kan jirgi da amalanke a layin Leicester zuwa Swannington a Ingila, wanda bayansa aka fara ɗora wa kan jirgi abin busa mai aiki da tururi. Usur ɗin tururi ya yi fiye da shekara ɗari yana wannan aiki. Da injin dizal ya karɓe hanya, tururi ya tafi, sai aka koma ga ƙaho mai aiki da matsattsiyar iska. Na farko-farkon amo ɗaya ne da su, kuma sautinsu ya yi kama da na manyan motoci, har mutane kan kasa gane cewa jirgi ne ke tafe. A 1949 wani injiniya ɗan Kanada, Robert Swanson, ya fito da ƙaho mai bakuna da yawa da ke busa amo daban-daban a tare, domin ya kwaikwayi usur ɗin da kunnen jama'a ya saba da shi. Tun daga nan aka gane cewa ƙarfin ƙara rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne mai ji ya san daga ina ta fito.

Kalmomin da ake aiki da su

A wannan takarda, ƙaho na nufin na'urar da direbobinmu ke kira hon ko oda. Usur na bar wa na tururi, jiniya kuma ga irin ta motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana, domin kowanne da yadda yake samar da sauti. A cikin ƙaho, iska daga babban tankin kan jirgi, wanda shi ne dai ke ciyar da birki, tana bi ta gefen wani siririn faifan ƙarfe ta sa shi karkarwa, sautin ya fita ta wani bututu mai buɗaɗɗen baki. Tsawon bututun ne ke yanke kaurin amon: dogo ya ba da mai kauri, gajere ya ba da siriri, kamar bambancin kakaki da algaita. Ana ƙirga wannan karkarwa da Hz, wato sau nawa faifan ya girgiza a sakan ɗaya.

Dokar Amurka ba ta ɓata lokaci wajen rarrabe ƙaho da usur ba. Sashe na 222 na kundi na 49 na dokokin tarayya ya ce ƙahon kan jirgi ya ƙunshi na iska, da usur ɗin tururi, da duk wata na'urar gargaɗi makamanciyarsu da aka girke a kan jirgi ko a taragon da ake tuƙi daga cikinsa, ya kuma yarda cewa ma'aikatan dogo suna musanya waɗannan sunaye. A ganina wannan hikima ce. Mai tsara doka ya kama aikin na'urar ya ƙyale sunanta, don haka babu kamfanin da zai zille wa doka da hujjar cewa nasa abin busar wani suna ne da shi. Amma dokar ta tsaurara a inda bambanci ke da tasiri. Ta raba mararrabar gwamnati, inda titin jama'a ya ratsa dogo, da mararrabar hanyar gona ko ta kamfani, kuma wajibcin busa na tarayya a kan ta farko ya hau. Ta kuma raba ƙahon kan jirgi da ƙahon bakin hanya, wanda ake kafawa a kan sanda a mararraba yana fuskantar motoci, ya riƙa busawa da kansa idan jirgi ya gabato.

Masana'antu ma suna da nasu tsarin suna. Manyan masu ƙera ƙaho a Arewacin Amurka su ne Nathan AirChime da Leslie. Ɗauki sanannen ƙahon nan K5LA, wanda kamfanin jiragen fasinja na Amtrak ya runguma tun shekarun 1970. Harafin K na nuna dangin ƙirar, 5 adadin bakuna, L cewa mazauninsa mai ƙasa-ƙasa ne, A kuma cewa an saita amonsa a kan tsarin Amurka, daga kimanin Hz 311 zuwa 622. Idan aka ƙara R da wasu lambobi a ƙarshe, kamar K5LAR24, to an juya baki na biyu da na huɗu suna kallon baya, domin kan jirgin da ke tafiya ta kowace fuska. Injiniyan da ya iya karanta wannan suna ya san abin da zai ji tun kafin a busa. Sai dai sunan bai gaya masa ƙarfin ƙarar da za ta isa mararraba ba. Wannan sai an auna.

Yadda ake auna ƙara

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Desibel ba ya tafiya kamar mita ko kilo. Ƙarin desibel 10 na nufin ƙarfin sautin ya ninka sau goma, ko da yake kunne kan ji kamar ya ninka sau biyu ne. Sannan a fili, duk lokacin da nisa ya ninka biyu, ƙara kan ragu da kimanin desibel 6. Ƙahon da ya ba da wani adadi a nisan mita 5 zai ba da ƙasa da haka da kimanin desibel 14 a mita 25, alhali ƙahon bai sauya ba. Wanda ya ce ƙahonsa desibel 140 ne, bai faɗi inda ya tsaya ya auna ba, to bai ba da bayanin da za a iya aiki da shi ba.

Sashe na 229.129 na dokar Amurka ya wajabta cewa ƙahon kan jirgin da ke gaba ya ba da aƙalla desibel 96, kada kuma ya wuce 110, a ma'aunin A, a nisan ƙafa 100 gaban kan jirgin, wato mita 30 da rabi. Ƙaramin adadin ya daɗe a doka. Babban adadin kuwa da wata doka ta 2005 ya zo, saboda koke-koken mazauna bakin dogo. Tazarar desibel 14 da ke tsakani ba ƙarama ba ce, domin a ƙarfin sauti ninki 25 ce. Abin da ya fi burge ni a sashen shi ne bai tsaya ga adadi ba, ya zayyana yadda za a same shi. Za a kafa makirfo ƙafa 15 sama da dogo, ko ƙafa 4 idan ƙahon a kan ɗakin direba yake ko a ƙasa-ƙasa. Kada a sami babban gini ko tudu mai mayar da sauti kusa da wurin. Kada iska ta wuce mil 12 a awa, kada ana ruwa. Hayaniyar wurin ta kasance ƙasa da ƙarar ƙahon da aƙalla desibel 10. A busa aƙalla sau shida, kowanne sakan goma, a ɗauki matsakaici. Kawunan jiragen da aka ƙera daga 18 ga Satumba 2006 dole a gwada su, tsofaffi kuma aka ba su wa'adi zuwa 24 ga Yuni 2010. Duk waɗannan sharuɗɗa an sa su ne domin mutum biyu da suka auna ƙaho ɗaya a garuruwa biyu su sami amsa ɗaya.

Me ya kawo zancen gurbin ƙaho? Kamfanoni da yawa sun ɗauke shi daga rufin ɗakin direba sun mayar tsakiyar kan jirgi domin kare kunnen ma'aikata, waɗanda ke shan wannan ƙara sau da yawa a kowace tafiya. Niyyar mai kyau ce, amma jikin jirgin kan tare wani ɓangare na sautin da ya kamata ya yi gaba, ya bar shi yana watsuwa gefe, inda gidaje suke. Ke nan ƙaho ɗaya na iya cika ƙa'ida a wani gurbi ya gaza a wani. Dalilin da ya sa ake yin gwaji bayan an girke shi a kan jirgi ke nan.

Turai ta bi wata hanya. Damuwarta ita ce jirgin da ya taso daga Faransa ya ratsa Beljiyam ya shiga Jamus, a gane muryarsa a ko'ina. Saboda haka dokar Tarayyar Turai mai lamba 1302 ta 2014, wadda ta tsara fasalin kawunan jirage da taragan fasinja, ta kama amon kansa: siriri ya kasance Hz 660, da rangwamen 30 sama ko ƙasa, mai kauri kuma Hz 370, da rangwamen 20. Ta kuma bayyana manufarta, cewa a gane sautin na jirgin ƙasa ne, kada ya yi kama da na motoci ko na masana'antu. Ƙarfin ƙarar an jingina shi ga mizanin EN 15153-2, inda ake aunawa a mita 25 da ma'aunin C. Kafin wannan, takardar UIC 644 ta ƙungiyar hukumomin jiragen ƙasa ta duniya ce madogara.

Ma'aunin A da na C ba ɗaya ba ne. Na A yana rage darajar amo mai kauri, domin kunnen ɗan Adam bai cika jin sa sosai ba. A kusa da Hz 400 yana zaftare kusan desibel 5. Na C kuwa kusan ba ya taɓa shi. Don haka ɗora adadin Amurka kusa da na Turai a jadawali ɗaya, ba tare da gyara nisa da ma'auni ba, kwatanci ne da zai ɓatar da mai karatu. Idan aka tambaye ni wanne ya fi, zan ce kowanne ya kama gefen da ɗaya ya saki. Amurka ta tsaurara wajen lokaci da tsarin busa, ta bar amo ga kamfanoni. Turai ta ɗaure amo, ta bar lokacin busa ga dokokin tuƙi na kowace ƙasa.

Tsarin busa da lokacinta

A Amurka, busar mararraba ita ce doguwa biyu, gajera ɗaya, doguwa ɗaya, a maimaita ko a ja ta ƙarshe har sai kan jirgi ya hau mararrabar. Kanada ma haka take yi a ƙarƙashin ƙa'ida ta 14(l) ta littafin tuƙinta. Akwai wasu alamun a littattafan tuƙi: doguwa biyu na nufin a saki birki za a tashi, gajeru uku daga jirgin da ke tsaye na nufin zai yi baya, gajeru a jere ba ƙaƙƙautawa kuma na nufin akwai mutum ko dabba a kan dogo. Abin lura shi ne dokar tarayya ba ta faɗi sakan nawa ne doguwa ko gajera ba. Ta bar wa kamfanoni da direbobi. Wannan giɓi ne a wurina, domin kalma biyun nan su ne ginshiƙin saƙon gaba ɗaya.

Inda dokar ta yi kyau sosai shi ne wajen lokaci. A da, ana fara busa ne daga wani allo da aka kafa kimanin rubu'in mil kafin mararraba. Jirgin da ke gudun mil 60 a awa yana cinye wannan tazara a sakan 15. Wanda ke jan ciki a mil 10 a awa kuwa sai ya yi sakan 90 yana damun unguwa, kuma mai mota da ya ji ƙara ya duba bai ga jirgi kusa ba sai ya kutsa. Dokar da ta fara aiki a 24 ga Yuni 2005 ta mayar da awon zuwa lokaci: a fara busa aƙalla sakan 15, kada ya wuce 20, kafin isa mararraba. A yadda dokar take yanzu, jirgin da ke gudu fiye da mil 60 a awa kada ya fara tun yana nesa fiye da rubu'in mil. Gyaran 2006 ya yi wa direba afuwa har zuwa sakan 25 idan ya kasa kintatar lokaci daidai da kyakkyawar niyya.

Darasin Fulorida da yankin da ba a busa

Ba a banza aka kai ga wannan doka ba. A 1984 jihar Fulorida ta ba garuruwan da ke kan layin Florida East Coast damar hana busa da dare, daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe, a mararrabar da ke da fitilu da sandunan tare hanya. Aka ɗauka cewa fitila da sanda sun wadatar. Da hukumar jiragen ƙasa ta tarayya, FRA, ta bi ƙididdiga, sai ta tarar haɗurran dare a waɗannan wurare sun kusa ninkawa uku. A Yulin 1991 ta ba da umarnin gaggawa mai lamba 15, aka koma busa. A 1994 majalisar dokoki ta umarci hukumar ta tsara doka ta ƙasa baki ɗaya, aikin da ya ci fiye da shekara goma.

Dokar ba ta yi watsi da kukan masu neman barci ba. Ta buɗe ƙofar kafa yankin da ba a busa ƙaho a kai a kai, amma da farashi. Sabon yanki sai ya kai aƙalla rabin mil, kowace mararrabar gwamnati a cikinsa sai tana da fitilu da sanduna, kuma idan lissafin haɗari ya nuna buƙata, sai an ƙara wani abu da zai maye gurbin ƙahon: sanduna huɗu da ke rufe titi baki ɗaya, ko shinge a tsakiyar titi da zai hana mota zagaye sanda, ko rufe mararrabar. A kuma kafa allo mai sanar da direbobin mota cewa jirgi ba zai busa ba. Ko a cikin yankin, direban jirgi na da ikon busawa idan ya ga haɗari, kuma dole ya busa wa ma'aikatan da ke gyaran dogo. Gari na iya zaɓar ƙahon bakin hanya, mai ƙara tsakanin desibel 92 da 110, wanda ke zuba sautinsa a kan titi maimakon unguwa duka.

Birtaniya ta taɓa irin wannan ja-in-ja. A 2007 ta dakatar da busar yau da kullum a allunan busa daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe. A Disambar 2016 ta taƙaita lokacin zuwa 12 na dare zuwa 6 na safe, bayan an lura cewa a awa biyun da aka cire ɗin mutane na yawan tsallake dogo da ƙafa.

Kada kuma a ɗauka ƙaho maganin komai ne. A Oktoban 1995, a Fox River Grove ta jihar Illinois, jirgin fasinja ya bugi motar ɗalibai da bayanta ya rage a kan dogo, ɗalibai bakwai suka rasu. Direban jirgi ya busa, amma hayaniyar cikin motar ta danne ƙarar. Motocin yau masu rufaffen gilashi da na'urar sanyaya iska da rediyo, ga masu tafiya da abin sauraro a kunne, duk sun rage wa ƙaho tasiri. Ƙara masa ƙarfi ba iyaka kuwa cutar da ma'aikata da maƙwabta ne.

Abin da ya shafe mu

Dogo ya iso Kano tun 1911, kuma tsohon layin yana ratsa tsakiyar garuruwa irin su Kaduna da Zariya da Gusau, inda kasuwanni da gidaje suka matso har bakinsa. An buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Legas zuwa Ibadan a 2021, a shekarar ce kuma aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. Kawunan jiragen da suka yi aiki a Nijeriya sun fito daga Birtaniya da Amurka da Kanada da Japan da Sin, kowace ƙasa da al'adarta ta amo da awo. Layin Maraɗi kuma zai tsallaka iyaka, wato matsalar da Turai ta zauna ta warware ce za ta zo mana: makiyayi a Jibiya da manomi a ƙasar Maraɗi su ji busa ɗaya su fahimci abu ɗaya.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON, tare da takwarorinsu na Nijar, su tabbatar duk takardar sayen kan jirgi ta ambaci amon da ake so, da mafi ƙarancin ƙara da mafi yawanta, da nisan awo, da ma'auni, da gurbin girkawa, kuma a yi gwajin a nan gida bayan jirgi ya iso. A rubuta tsawon doguwar busa da gajera da sakan, kada a bar wa hasashe. Kada a amince da hana busa a wata unguwa sai an fara kafa sanda da fitila masu aiki. Mu kuma masu nazarin harshe da ma'aikatan rediyo, mu zauna da direbobin jirgi da masu gadin mararraba mu daidaita waɗannan kalmomi da Hausa, a sa su a allunan bakin dogo da shirye-shiryen wayar da kai, tun kafin jirgin farko ya tashi daga Kano zuwa Maraɗi.